Yadda Za Ka Haɗa Na'urar Auna Ƙura da Hayaƙi a Unguwarku: Jagora Daga Jos

Tun da na rataye wata gwiwar fayif a bangon gidanmu, mai igiyar caja tana leƙowa ta ƙasa, tambayoyin da ake yi mini ba sa wuce uku: mene ne wannan, nawa ka kashe, ni ma zan iya? Na'urar auna ƙura da hayaƙin da ke cikin iska ce, da hannuna na haɗa ta, kuma duk wanda ya iya canza batirin tocila ya kuma iya bin umarni a waya zai iya haɗa irinta. Tsarin ba nawa ba ne. Wasu 'yan sa-kai ne a birnin Stuttgart na Jamus suka fara shi a 2015, yanzu ana kiransa Sensor.Community, manhajarsu da taswirarsu kuma kyauta ne. Abin da zan ƙara shi ne abin da Jos ta koya mini: ɗauke wuta, hunturu, zanzaro, da maƙwabta.

1. Fara da tambaya, ba da sayayya ba

Kafin ka kashe ko sisi, rubuta a takarda abin da kake son sani, a jimla ɗaya. Kada ka ce "ina son in san ko iskar Jos na da kyau". Wannan tambayar ta fi ƙarfin na'ura ɗaya. Ka ce, misali: wane lokaci ne hayaƙi ya fi yawa a layinmu? Ko bolar da ake cinna wa wuta da yamma tana kaiwa ajin yara? Ko iskar bakin titin Bauchi Road ta bambanta da ta cikin lungu? Tambayar ita za ta gaya maka na'ura nawa kake buƙata da inda za ka rataye su.

Abin da na'urar ke ƙirgawa ɓurɓushi ne iri biyu. PM10 shi ne wanda faɗinsa bai wuce maikiromita 10 ba (maikiromita kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), yawancinsa ƙura. PM2.5 shi ne wanda bai wuce maikiromita 2.5 ba, yawancinsa daga ƙuna yake fitowa: itace, gawayi, taya, leda, salansar mota da janareta. Silin gashin mutum kaurinsa wajen maikiromita 70 ne, ka ga ido ba zai gan su ɗaya-ɗaya ba. Ƙananan su ne abin tsoro, don gashin hanci ba ya tare su, har can ƙuryar huhu suke kaiwa.

Gargaɗi tun daga nan: wannan na'urar ba ta jin iskar gas. Gubar da ke fitowa daga janareta ko kaskon gawayi a rufaffen ɗaki, wadda ke kashe mutane cikin barci, ba ta da launi, ba ta da wari, kuma na'urar nan ba za ta nuna ta ba ko kaɗan. A garin da sanyin Disamba ke sa a shigar da kasko ɗaki a rufe taga, kada wani ya ga ƙaramar lamba ya ɗauka lafiya lau. Wannan gubar ma'auninta daban ne.

2. Kayan aiki da kuɗinsu

Ga abin da za ka tara:

SDS011, wato sensar ƙurar kanta. Ɗan akwati ne mai ƙaramar fanka da ke zuƙo iska ta bi ta gaban hasken leza, sai ya ƙiyasta yawan ɓurɓushin daga yadda hasken ya warwatse. Shi ne mafi tsada a cikin kayan.

NodeMCU mai ɗauke da ESP8266, ɗan allo kamar tsawon yatsa, shi ne ƙwaƙwalwar, shi ke aika lambobin ta Wi-Fi.

BME280, mai auna zafi, laima da nauyin iska. Bai kai farcen babban yatsa girma ba.

Sai ƙananan wayoyi takwas masu rami a kowane baki, cajar waya mai ba da volt 5 da doguwar igiyar micro USB, siririn tiyo na roba mai faɗin milimita 6 a ciki, tsawon kamar santimita 20, gwiwar fayif biyu ta inci uku, ɗaurin roba irin na masu wayarin, da ɗan yankin tsohon gidan sauro.

Gwiwar fayif, tiyo, caja da ɗauri duk za ka samu a shagunan kayan famfo da na kayan wuta a nan cikin gari. Ukun farko kuwa sai dai ka yi oda daga masu sayar da kayan lantarki na ɗalibai ta intanet, ko kai tsaye daga Sin ta AliExpress, inda ya fi araha amma jira ya fi tsawo, ka ƙaddara makonni. Da dala zan faɗi kuɗin don naira ba ta zama wuri ɗaya: sensar ƙura tana kaiwa dala 20 ko ɗoriya kaɗan, sauran biyun 'yan daloli kowanne, jimilla dai tsakanin dala 30 zuwa 50 ban da kuɗin kawowa. Haɗaɗɗiyar na'ura irin PurpleAir ta haura dala 200, manyan na'urorin da hukumomi ke dogaro da su kuwa dubban daloli ne. Mutum biyar a unguwa za su iya yin karo-karo su tayar da guda ɗaya ba tare da kowa ya ji a jikinsa ba.

Hattara wajen sayen BME280. Yana da ɗan'uwa mai kama da shi, BMP280, mai rahusa, wanda ba ya auna laima, kuma wasu masu sayarwa sukan aiko da shi a madadinsa. Ni ma an taɓa yi mini. Duba ɗan ƙarfen da ke tsakiyar allon: na BME280 murabba'i ne, na BMP280 kuwa ya ɗan fi tsawo ta gefe guda. Laimar nan kana buƙatarta, za ka ga dalili a mataki na 8. Sau da yawa kuma yana zuwa ƙafafunsa ba a like ba. Kai wa mai gyaran waya ya like maka da dalma, aikin minti biyar ne.

3. Sa manhaja kafin ka haɗa komai

Wannan ne kaɗai matakin da ke buƙatar kwamfuta, aro ma ya isa. Shiga shafin Sensor.Community, sauke manhajar da suke kira airRohr Flashing Tool. Jona NodeMCU shi kaɗai da kwamfutar, zaɓi Turanci a jerin harsuna, danna wurin ɗorawa, ka jira har ya gama. Zai nuna maka lambar allon, lamba ce mai ɗan tsawo. Rubuta ta a littafi, ka kuma rubuta ta da maka a jikin fayif daga baya. Ita ce sunan na'urarka har abada.

Idan kwamfutar ta ƙi ganin allon, kada ka yi saurin cewa jabu ne. Kusan kullum ɗaya daga abu biyu ne. Ko dai igiyar USB ɗin ta caji ce zalla, ba ta ɗaukar bayanai, kuma yawancin igiyoyin bakin titi haka suke. Ko kuma kwamfutar ba ta da direban da allon ke buƙata, wato ƙaramar manhajar da ke sa ta gane shi. Duba allon ka karanta ɗan baƙin guntun da ke kusa da bakin USB, za ka ga CH340 ko CP2102, sai ka sauke direban wanda ka gani. Na yi yini guda ina zargin allo, ashe igiya ce.

4. Haɗa wayoyi

Cire wuta tukuna. Kowane ƙafa akwai sunansa rubuce a jikin allo, da sunan za ka bi, ba da launin waya ba.

Daga SDS011 zuwa NodeMCU: TXD zuwa D1, RXD zuwa D2, GND zuwa GND, 5V zuwa VU. Idan allonka ba shi da VU, to a VIN za ka sa. Sauran ƙafafun sensar uku ka bar su haka.

Daga BME280 zuwa NodeMCU: VIN zuwa 3V3, GND zuwa GND, SCL zuwa D4, SDA zuwa D3.

Kuskuren da ke ƙona kaya shi ne sa BME280 a layin volt 5, ko juya GND da wuta. Wanda ba ya ƙonawa amma yake ɓata rai shi ne musanya D1 da D2: fanka za ta yi ta juyawa amma babu lamba. Karanta sau biyu, ka ba wani ya karanta maka na uku, sannan ka jona caja. Idan ka kai kunne ka ji ɗan sautin fanka, ka kama hanya. In ta yi shiru bayan 'yan daƙiƙoƙi kada ka tsorata, haka aka tsara ta. Duk bayan daƙiƙa 145 take farkawa ta auna ta koma barci, wato kusan sau 600 a yini, don kada lezar ta mutu da wuri.

5. Haɗa ta da intanet da rajista

Kashe datar wayarka, buɗe Wi-Fi, za ka ga sabon suna ya fito, airRohr da lambar nan da ka rubuta. Shiga. In ya nemi kalmar sirri, airrohrcfg ce. Buɗe burauza ka rubuta 192.168.4.1. A shafin da zai buɗe, zaɓi Wi-Fi ɗin gidanku, sa kalmar sirrinsa, tabbatar an yi wa SDS011 da BME280 alama, ka adana. Na'urar za ta sake tashi, sunan airRohr kuma zai ɓace daga wayarka. Ɓacewar nan alheri ce, tana nufin ta shiga gida. In sunan ya dawo, kalmar sirrin ce ba daidai ba.

Allon nan Wi-Fi na 2.4GHz kawai yake ji, ba ya ganin na 5GHz. Ƙaramar MiFi ta wadatar, datar da yake ci kaɗan ce ƙwarai. Amma kada ka dogara da hospot ɗin wayarka, don duk sanda ka fita kasuwa na'urar ta zama kurma.

Daga nan ka je devices.sensor.community ka buɗe asusu da imel, ka shigar da lambar allon da inda take. Akwai zaɓin a nuna ainihin wurin gidanka a taswirar duniya. Shawarata kada ka taɓa shi, bar su su nuna kusa-kusa. In a cikin ɗaki za ka ajiye ta, yi alamar cewa ta cikin gida ce, kada hayaƙin kicin ɗinku ya fito a taswira a matsayin iskar Gangare gaba ɗaya.

6. Gida da wurin ratayewa

Soka tiyo a bakin da sensar ke zuƙar iska. Ɗaure SDS011 da NodeMCU baya-da-baya da ɗaurin roba, tura su cikin gwiwa ɗaya, ka haɗa da ta biyu ta yadda fayif ɗin zai yi kamar baka, bakunan biyu suna kallon ƙasa. Haka ruwan sama ba zai shiga ba. Bakin tiyon ya zo daidai bakin fayif, BME280 kuma ka sako shi can kusa da baki, nesa da ɗumin allon. Kada ka sa gam a mahaɗar, za ka buƙaci buɗewa.

Rufe bakunan biyu da gidan sauro. Kada ka raina wannan. Tawa ta farko ban rufe ba, bayan makonni lambobin suka lafa ƙasa kamar muna zaune a kan tsaunin Shere, ina ta murna, da na buɗe sai na tarar zanzaro ya gina ɗakinsa na laka a bakin tiyo.

Wurin ratayewa ya fi haɗa wayoyi muhimmanci, kuma nan ne mutane suka fi ɓata aikinsu. Tsayi tsakanin mita ɗaya da rabi zuwa uku da rabi daga ƙasa, inda iska ke wucewa, cikin inuwa, ƙarƙashin rufin kwano in da hali. Ba kusa da tagar kicin ba, ba saman inda ake ajiye janareta ba, ba a kwanar da iska ke tsayawa cik ba, sai fa in su ɗin ne tambayarka. In ka rataye ta saman tukubar mai tsire, abin da za ka auna tsire ne, ba unguwa ba. Da zarar ka zaɓi wuri, bar ta a nan. Wanda yake ɗaga ta yau ƙofar gida gobe bayan gida ba zai taɓa gane ko iska ce ta canza ko wuri ba.

Sai maganar da ba za ka gani a umarnin Jamusawa ba. Wannan Jos ce. Fayif mai wayoyi a ciki, rataye a bango, yana ɗan ƙara lokaci-lokaci, ba abin da za a bari mutane su yi ta hasashe a kai ba ne. Kafin ka rataye, je ka gaida mai unguwa, ka buɗe ta a gabansa, ka nuna wa maƙwabta da 'yan sintiri. Rubuta a jikinta da manyan baƙaƙe: NA'URAR AUNA ƘURA, da Hausa da Turanci. Ranar da na hau tsani, wani dattijo maƙwabcinmu ya tsaya da buta a hannu ya ce, "Kai yaro, hoton wa za ka riƙa ɗauka da wannan?" Na sauko na ce, "Baba, ba ta da ido, hanci kawai gare ta." Sai da na ciro ta na ɗora masa a tafin hannu, ya juya ta, ya ji fankar, sannan ya ce, "To Allah ya sa ta shaƙo mana alheri." Yanzu shi ke fara gaya mini in an ƙona shara a bayan layi.

7. Wuta

Na'urar ba ta ajiye komai a cikinta. In wuta ta ɗauke ko intanet ya yanke, awon wannan lokacin ya tafi ke nan. Abin takaicin kuma, lokacin da aka ɗauke wuta shi ne lokacin da janaretocin layi ke tashi gaba ɗaya, wato daidai lokacin da ka fi son gani. Wanda ya jona ta a soket kai tsaye zai samu labarin iska na sa'o'in da ake da wuta kawai, ya yanke hukuncin cewa unguwarsu tsaf take.

Abin da take ci bai wuce wat ɗaya ba, don haka fawa-bank mai 10,000mAh zai riƙe ta wajen yini. Amma gwada shi tukuna: dole ya zama mai iya ba da wuta yana kan caji, kuma wasu suna kashe kansu in abin da ake ja ya yi ƙanƙanta. In gidanku akwai sola da inbata, a nan za ka jona. Kada ka manta MiFi ma tana son nata rabon, in ta mutu duk ɗaya ne.

8. Gwaji kafin ka yarda da ita

Bar ta ta yi kwana biyu ko uku tukuna. Sannan ka kunna ashana ka kashe, ko ka riƙe tsinken turare kamar taku biyu daga bakin fayif, ka jira awo na gaba. Lambar PM2.5 ta yi tsalle sannan ta sauko a hankali. Kada ka busa hayaƙin cikin tiyo, kana ɓata cikin sensar ne kawai.

In kun haɗa fiye da ɗaya, wannan matakin wajibi ne: rataye su duka a wuri ɗaya, kafaɗa da kafaɗa, na mako guda ko biyu, kafin a rarraba su. Sensa biyu daga kamfani ɗaya ba sa ba da lamba iri ɗaya. In ta Rikkos kullum tana ɗara ta Tudun Wada alhali suna rataye a ƙusa ɗaya, ka rubuta bambancin. In ba haka ba, wata rana za ka tsaya gaban jama'a kana cewa wata unguwa ta fi wata datti, ashe halin na'ura kake faɗa.

Sanin inda take ƙarya shi ne rabin aikin. Wuri biyu ne, kuma duka biyun sun shafe mu.

Na farko laima. In laimar iska ta haura kashi 70 cikin 100, ɓurɓushin yana shan ruwa ya kumbura, lezar ta gan shi ya fi girmansa, lamba ta hau. A Yuli da Agusta, safiyar da hazon ruwa ya sauko kan duwatsu ya rufe gari, za ka ga lambobi masu tayar da hankali alhali iska wankakkiya ce. Duba layin laima kafin ka yi ihu. Amfanin BME280 ke nan.

Na biyu hunturu, kuma a nan ƙaryar ta juye. Ƙurar da iskar arewa maso gabas ke kwasowa daga Sahara, musamman kwarin Bodele na ƙasar Chadi, manyan ƙwayoyi ne da yawa a cikinta, ƙananan sensoci masu araha kuma sun fi ƙwarewa a kan hayaƙi, suna rage lissafin babbar ƙura. Ranar da ka share gilashin mota da safe ka dawo azahar ka rubuta sunanka a kai, lambar PM10 da kake gani ƙasa take da gaskiya. Hawa da saukarta abin dogaro ne, ainihin adadin kuwa ka riƙe shi da sassauci.

Wani ɗan abu: nauyin iska zai nuna maka ƙasa da 900, alhali littafin makaranta ya ce 1013. Ba lalacewa ba ce. Jos tana sama da teku da wajen mita 1,200, iskar da ke kanmu ba ta kai ta Legas nauyi ba. Na ga malamin kimiyya ya yi darasi guda cur a kan wannan lambar kaɗai.

9. Littafin rubutu

In za ka tsallake wani mataki, kada ya zama wannan. Sayi littafi mai shafi arba'in ka rataye shi kusa da ƙofa da biro a ɗaure. Duk wanda ya ga wani abu a gidan ya rubuta lokaci da abin da ya gani: 6:10 an hura wutar koko, 7:30 sharar tsakar gida, 4:45 an cinna wa bola wuta, 7:00 an ɗauke wuta, janareta uku sun tashi, tifa ta wuce, an yi yayyafi, yau hazo ya rufe dutsen da muke hangowa. Yara sun fi manya riƙe wannan aikin, ka ba su.

Na'ura za ta nuna maka tsalle da ƙarfe biyar na yamma, amma ba ta san dalili ba. Da littafin ne na gano abin da ban zata ba. Na fara aikin ne ina zargin motocin babban titi. Da na jera makonni, sai na ga manyan tsallen suna zuwa ne da asuba da kuma bayan magariba, lokacin girki da ƙona shara, ba lokacin cunkoso ba. Kuma hayaƙi iri ɗaya ya fi daɗewa a safiyar sanyi, domin iska mai sanyi tana kwanciya ƙasa, mai ɗumi ta rufe ta daga sama kamar murfin tukunya, hayaƙin ya rasa hanyar tashi sai rana ta ɗaga. Wannan na taɓa karanta shi, amma ban san shi ba sai da na gan shi a layinmu.

Ga makarantar da ba ta da kuɗin na'ura, ko don a haɗa da ita: yanka farin kwali, zana murabba'i a tsakiya, shafa basilin siriri, a rataye ɗaya a bakin titi, ɗaya a aji, ɗaya a bayan makaranta. Bayan mako a jera su a tebur. Babbar ƙura kawai yake kamawa, ba ya ba da lamba, amma yaro ɗan aji huɗu zai gane abin da yake gani.

10. Karanta lambobin

Awon yana zuwa ne da maikirogiram a kowace kubik mita ta iska. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2021 ta ce matsakaicin PM2.5 na sa'a 24 kada ya wuce 15, na shekara kada ya wuce 5. Na PM10 kuwa 45 a yini, 15 a shekara.

Lura da kalmar matsakaici. Kuskuren da kowa ke yi a makon farko shi ne ya ga 200 na minti uku saboda wani ya wuce da tsohon babur, ya ɗauki hoton allo ya watsa a WhatsApp cewa mun ninka ƙa'idar duniya sau goma sha uku. Ba haka ake yi ba. Ana tara awon yini duka a raba, sannan a gwada da 15. Kuma kada ka haɗa waɗannan lambobin da AQI da manhajojin waya ke nunawa da launuka. Wancan ma'auni ne daban da ake lissafowa daga wannan, 100 a can ba 100 ba ce a nan.

Don yin lissafin, sauke fayil ɗin kowace rana daga ma'ajiyar Sensor.Community ka buɗe a Excel ko Google Sheets. Abu biyu za su ruɗa ka. P1 shi ne PM10, P2 shi ne PM2.5, ba akasin haka ba. Lokacin kuma agogon UTC ne, sai ka ƙara awa ɗaya ya zama namu, in ba haka ba littafinka da na'urarka za su yi ta saɓani, ka ga hayaƙi ya riga wuta. Ranar da awonta ya yi giɓi mai yawa saboda wuta, cire ta daga lissafin matsakaici.

Wata dabara mai sauƙi: in ka zana hawa da saukar lambobin, dubi tazarar layin PM2.5 da na PM10. In PM2.5 da PM10 suka hau tare kusan a manne, ƙuna ce. In PM10 ya tsere ya bar ɗan'uwansa a baya, ƙura ce.

11. Me za ka yi da abin da ka gano

Fara da gida. In akwai mai asma, tsoho ko jariri, ka riga ka san sa'o'in da za a rufe taga da waɗanda za a buɗe. A yayyafa ruwa kafin shara. Janareta ya koma nesa da taga. Ranar hazo mai kauri, takunkumin N95 ne ke tare ƙananan ƙwayoyi, na yadi da rawani suna rage babbar ƙura ne kawai.

In za ka fita da maganar waje, tara aƙalla wata guda, ka zana hawa da saukar a takarda ɗaya, ka rubuta abin da littafi ya ce a kan kowane tsalle. Kai wa mai unguwa ko kwamitin masallaci ko na coci, wanda dai ake jin maganarsa a layin. Kada ka kama sunan kowa. Na'urarka ba ta san hayaƙin wane gida ta shaƙa ba, kuma ba shaidar kotu ba ce. Mai ƙona bola ma yawanci ba mugunta ba ce, motar kwasar shara ce ba ta zuwa, don haka maganar da za ta yi amfani ita ce ta inda za a kai sharar. In abin ya fi ƙarfin unguwa, kamar masana'anta ko wurin da ake babbaka da taya kullum, akwai hukumar kula da muhalli ta jiha, akwai kuma NESREA ta tarayya. Ka je da takardarka a matsayin dalilin da zai sa su zo da nasu ma'aunin.

12. Kula da ita

Duk wata ka duba gidan sauron, ka kakkaɓe yanar gizo-gizo, ka tabbatar tiyo bai lanƙwashe ba. Ƙarshen hunturu, wajen Maris, sauko da ita, cire wuta, zare tiyon ka wanke shi ya bushe sarai, ka goge cikin fayif da busasshen tsumma. Kada ka buɗe akwatin sensar, kada ruwa ya taɓa shi. Kafin ruwan farko na Afrilu ka duba igiyar caja, ka sa ta ɗan lanƙwaso ƙasa kafin ta shiga taga, don ruwan da ya biyo ta ya ɗiga a waje.

Kamfanin da ya ƙera sensar ya ƙiyasta ran lezar da sa'a 8,000 na aiki, amma tunda barcinta ya fi farkawarta yawa, tana kai shekaru. Alamar tsufanta ita ce layi ya miƙe ya daina motsi, ko ya maƙale a sifili ko a 999.9. Ka sake gwajin ashana. In ba ta amsa ba, sensar kaɗai za ka canza, allon da rajistar suna nan yadda suke, sai dai sabuwar ma ka rataye ta mako guda kusa da wata mai aiki kafin ka ci gaba da jera lambobinta da na baya.